Gwajin da Lucius Ya Faɗi da Gangan

A jami'armu mutum iri biyu ne ke zama a layin gaba a aji: irina, da 'yan ƙwallo. Irina muna zama a can ne saboda idonmu ba ya kai wa allo daga baya, kuma in kana gaba ba ka ganin masu kallonka. Su kuwa 'yan ƙwallo dole ce. Koci ne ya kafa musu doka, akwai kuma wani dattijo da ya yi ritaya daga gidan waya, wanda aikinsa shi ne ya bi aji-aji yana leƙe ta gilashin ƙofa. Duk ɗan wasan da bai gani a layin gaba ba, washegari zai yi gudun asuba a matakalar filin wasa har sai ya yi amai.

A haka na san Lucius Gaither. Kujerarsa na kusa da tawa a ajin kemistiri, ko in ce rabinsa na kan kujerarsa, kafaɗarsa kuma ta tsallako wajena. Ɗan wani ƙauye ne a bakin kogi, can kudancin jiharmu ta Mississippi, inda kakarsa ke kiwon shanu. Abokan wasansa Tarakta suke ce masa. Aikinsa a filin zari-ruga, ƙwallon Amurka da ake ɗauka a hannu, shi ne ya tare wanda ya ɗauko ƙwallo a guje ya maka shi da ƙasa, kuma an ce ya iya.

Shi kaɗai ne ɗan wasa a ajin. Sauran an tara su a wani kwas da ba ya karo da lokacin atisaye, wanda ba a taɓa jin wani ya faɗi a cikinsa ba. Lucius likitan dabbobi yake son zama, hanyar kuwa ta cikin kemistiri ta bi. Mis Verlene Stokes, wadda ke kula da karatun 'yan wasa, ba ta so ba. Ranar da ta ɗauke ni aikin yi masa bita, a gabana ta faɗa masa sharaɗin.

"Ka ji ni da kyau, ɗana," ta ce. "Na bar ka ka shiga ne don ka dame ni. Amma in jarrabawar tsakiyar zango ta zo ka samu ƙasa da C, zan cire ka in mayar da kai inda 'yan uwanka suke. Ba zan zauna ina kallo makinka ya hana ka wasa ba. In ka rasa wasa ka rasa tallafin karatu, in ka rasa tallafi ka koma wa shanun nan ba digiri."

"To, Mis Verlene."

"Ke kuma Lenora, hannunki a kan cinyarki. Kada ki taɓa masa biro, kada ki taɓa masa kwamfuta. Baki kawai."

Na ce to.

Ɗakin bitar ƙarami ne, bangonsa na gilashi, don kowa ya ga abin da ake yi a ciki. Makonnin farko da rawar murya nake yi masa bayani, ina kallon tebur. Daga baya na gane ba ya bukatata sosai. Abin da ba shi da shi lokaci ne. Da sassafe ɗaga ƙarfe, da hantsi aji, da rana kallon bidiyon abokan karawa, da yamma atisaye, sai ya zo min yana ɗingishi, an naɗe masa ƙanƙara a gwiwa. Amma in ya kalli lissafi sau ɗaya ya zauna masa. Akwai ranar da na rikice a wani lissafin haɗa ruwan sinadari, ya ja takardar gabansa.

"Mis Lenora, kin ɗauki doguwar hanya," ya ce. Shekarunmu ɗaya, amma haka yake kirana don ya ga na sunkuyar da kai. "Ai kamar maganin tsutsar shanu ne. Kina da mai ƙarfi a galan, kina son mai sauƙi a bokiti. Nawa za ki ɗiba? Shi ke nan."

Ya warware shi a layi biyu. Tun daga ranar da hanyarsa nake yi.

Abokin ɗakinsa Tavon Pickett shi ma a ginin yake bita, sai dai ya fi zama a ƙofarmu fiye da nasa ɗakin. Siriri ne, mai gudun tsiya, bakinsa ya fi ƙafarsa gudu.

"Laburare!" haka yake kirana. "Yau me kika koya wa Tarakta? Ya iya rubuta sunansa?"

"Tafi ka haddace launukan bakan gizo, gobe kuna da jarrabawa," in ji Lucius.

"Ka ji ɗan baƙin ciki. Mu kwas ɗinmu akwai zurfi. Jiya sai da muka kalli fim har ƙarshe."

Karon da ya ji wa Lucius ciwo a kai ya faru ne wata Asabar a watan Oktoba. Ban je filin ba, ban cika zuwa ba. Ina laburare, wanda a ranar wasa ba kowa a ciki sai ni da mai gadi, ana jiyo 'yan badujala da ihun mutane kamar ruwan sama a kan kwano. Mai gadin na kallo a wayarsa, shi ya kira ni ya nuna min. Lucius ya sunkuya zai tare wani ƙato, gwiwar mutumin ta sami gefen hularsa ta kwano. Ya faɗi, ya tashi, ya nufi benci, sai dai bencin abokan karawa ya nufa, har sai da Tavon ya kamo rigarsa ya juyo da shi. 'Yan kallo suka yi dariya. Mai gadin ma ya yi.

Ranar Litinin ya shigo ɗakin bita da hular hana sallah ya ja ta har kan gira, da baƙin tabarau.

"Za ki iya kashe fitilar nan?" ya ce.

"Ba a yarda ba. Mis Verlene ta ce..."

"To bar ta."

Jarrabawar Alhamis ce. Na tura masa tambayoyin bara da ɗan yatsa, na mayar da hannuna kan cinya. Ya ɗora yatsa a layin farko. Na ga yatsan ya kai ƙarshen layi, ya dawo farkon layin, ya sake tafiya, ya sake dawowa. Can ya cire tabarau ya murza ido.

"Karanta min."

Na karanta. Irin lissafin galan da bokiti ne, nasa na kansa.

Ya rubuta lamba, ya soke. "Sake karantawa."

Na sake. Kafin in kai ƙarshen tambayar ya manta farkonta. Muka yi ta maimaita haka.

"Lucius, ka ga likita?"

"Na ga Dok jiya. Ya ce lafiyata ƙalau."

"Ya gwada ka?"

"Ya sa ni a kwamfuta. Na ci." Ya yi wata gajeriyar dariya, ya dafe kai don dariyar ta yi masa ciwo.

Ban gane abin dariyar ba sai da Tavon ya shigo. Ya rufo ƙofa, abin da ba ya yi, ya jingina da ita.

"Ya faɗa miki? Tarakta ya kafa tarihi. Dok ya ce tunda yake bai taɓa ganin wanda karo ya ƙara wa basira ba."

"Rufe baki, Tavon."

"Ai Laburare tamu ce. Ko za ki kai mu ƙara?"

Na girgiza kai, tun ban san me za a faɗa ba.

Ga yadda abin yake. Duk bazara, kafin a fara wasanni, ana zaunar da kowane ɗan wasa gaban kwamfuta a gwada ƙwaƙwalwarsa: a nuna masa kalmomi ya tuna su, a nuna siffofi, a auna saurin hannunsa. A ajiye sakamakon. Ranar da ya bugu a kai sai a sake gwada shi a kwatanta da na bazara. In ya yi ƙasa, ƙwaƙwalwa ta girgiza ke nan, ba wasa sai ya warke. To tun a daren farko a sansanin atisaye manyan 'yan wasa ke jan sababbi gefe su ba su shawara: in an sa ka a kwamfutar nan, ka yi wawa. Ka manta kalmomi, ka yi jinkirin dannawa. Ta haka duk ranar da aka buge ka, ko kana ganin taurari za ka kamo makinka na bazara, ba mai zaunar da kai a benci.

"Kowa yana yi," in ji Tavon. "Amma da hankali ake yi. Ka rage kaɗan. Shi wannan, da yake komai sai ya fi kowa, sai ya yi wautar da ko buhun masara ba zai yi ba. Jiya kuwa kai na ciwo ya je ya ninka makin."

"Na ce ka rufe baki."

"Kwana biyu ne ya washe, mutumina. Ni bara sai da na yi mako ina kiran Koci da sunan fastonmu. Ga ni garau."

"Kai da ma ba abin da zai girgiza a ciki," in ji Lucius.

Tavon ya fita. Ina da abin faɗa, kuma na san in ban faɗa da sauri ba zai maƙale.

"In ka zauna jarrabawar nan ranar Alhamis za ka faɗi."

"Na sani."

"Ka roƙi Farfesa ta ɗaga maka."

Washegari bayan aji ya je, ni kuma na tsaya a baya ina ta shirya jakar da ta riga ta shiryu. Farfesa Abernathy ba muguwa ba ce, amma ta shekara da shekaru tana jin uzurin 'yan wasa. Ta ce masa ba matsala, ya kawo takarda daga likitan ƙungiya, za ta ɗaga masa har ya warke. In ba takarda, Alhamis kamar kowa.

Muka fito muka zauna a ƙarƙashin wata bishiya a bayan ginin, inda ba rana. Ya ce in tsaya tukuna, ƙasa na ɗan juya masa.

"Kin ga inda na sa kaina," ya ce. "Dok ba zai ba ni takarda ba, kwamfutarsa ta ce na fi da lafiya. Sai dai in je in ce masa ƙarya na yi da bazara."

"To ka ce."

"Ke komai a wurinki kamar littafi ne, a buɗe shafi na gaba." Bai faɗa da faɗa ba. "In na faɗa, ba ni ba wasan Asabar. Kin san wasan Asabar?"

Na sani. Ko ni da ba na zuwa fili na sani. Da makarantar da ke ƙetaren kogi za a kara, wadda kakanninmu ma ba sa shiri da ita. Tun farkon mako motocin tsofaffin ɗalibai suka fara cika harabar makaranta, ana kafa rumfuna, hayaƙin gashin nama ko'ina.

"Karon farko ke nan da za a fara wasa da ni tun daga busar farko," ya ce. "Kakata, Mama Ozella, ta cika motar coci da mutane. Har da fasto. Ta ɗinka riga mai lambata a baya. Sannan akwai wani yaro, Marcel, ɗan shekarar farko, yana bayana yana jira in yi tuntuɓe. In ya shiga ya yi kyau, shi ke nan, wurin ya zama nasa. Ba a ajiye wa kowa wuri."

"In ka faɗi jarrabawa fa?"

"Mis Verlene ta mayar da ni kallon fim da Tavon."

"Ba za ka iya sake ɗauka baɗi ba?"

"Wa zai bar ni? Wannan ma sai da na yi wata ina zarya a ofishinta. In na faɗi sau ɗaya ta samu hujja." Ya tsinki ciyawa ya sa a baki. "Shekarar da na gama sakandare wata saniyarmu ta kasa haihuwa. Likitan dabbobi mafi kusa yana wata ƙaramar hukuma, ya ce sai gobe. Ni da Mama Ozella muka yi ta fama. Muka rasa uwar, muka rasa ɗan. Ba wani dogon labari ba ne. Shi ke nan dalilin."

Na gyaɗa kai.

"In na je wurin Dok," ya ce can, "za ki raka ni? Ina fara magana sai in manta inda na nufa."

Ginin 'yan wasa ba wurin irina ba ne, ko ƙofarsa sai da kati. Na ce, "To."

Ranar Laraba da rana muka je. Tavon na zaune a bakin ƙofar ɗakin jinya ana naɗe masa idon sawu. Da ya gan mu tare ya gane.

"Kai, Tarakta. Kai! Kada ka yi mana haka. In ka tona, duk ƙungiya za a sake sa wa a kwamfuta. Manya za su cinye ka ɗanye."

"Kaina kawai zan faɗa."

"Laburare, ke kika zuga shi ko? Na rantse shiru-shirun nan naki ba na Allah ba ne."

Lucius ya dafa kan Tavon ya ture shi gefe kamar labule, muka wuce.

Dok Fontenot ba cikakken likita ba ne, mai kula da raunin 'yan wasa ne, amma shi ke rubuta wa likitan abin da zai sa wa hannu. Gajere ne mai sanƙo, almakashi a rataye a ƙugunsa. Yana cin burodi da gyaɗar da aka niƙa lokacin da muka shiga.

"Gaither. Me kuma? Wace ce wannan?"

"Mai yi min bita ce, yallabai."

"Nan ba ɗakin bita ba ne."

"Na sani, yallabai. Na zo ne a kan... gwajin nan. Na bazara." Ya tsaya. Na ga yana laluben sauran maganar a bango. Ya juyo ya kalle ni.

Na riƙe madaurin jakata da hannu biyu. "Ba ya iya karatu," na ce. "Tun ranar Litinin. Yana karanta layi ɗaya sau da yawa. Haske na damunsa. In na karanta masa tambaya yana manta farkonta."

Dok ya juya kwamfutarsa ya danna. "'Yan mata, ga sakamakonsa na bazara. Kalma goma sha biyu aka nuna masa, ya tuna uku. Ranar Lahadi ya tuna bakwai. Wanda ya tuna uku yana lafiya, ba abin mamaki ba ne in kemistiri ya ba shi wuya."

"Ba ya ba shi wuya." Ban san lokacin da na ɗaga kai ba. "Gwajin da muka yi a aji watan jiya ya fi ni maki. Ni kuma ban saba a fi ni ba."

Dok ya ajiye burodin. Ya kalli Lucius.

"Da gangan na faɗi, yallabai," in ji Lucius. "Na bazaran."

"Wa ya ce ka yi?"

"Ba kowa."

"Ba kowa." Dok ya goge hannu a wando. "Duk shekara Ba-kowa ɗin nan yana zuwa sansani, har yau ban taɓa ganin fuskarsa ba. Tashi. Cire takalmi. Cire tabaran nan. Tsaya da ƙafa ɗaya, hannu a ƙugu. Rufe ido."

Lucius ya rufe ido. Bai kai ko'ina ba ya fara karkata, a hankali, kamar bishiyar da aka sara, sai da Dok ya tare shi da kafaɗa ya zaunar da shi a kan gado. Ya haska masa ido, ya sa ya bi yatsansa hagu da dama. Lucius ya ce zai yi amai. Dok ya miƙa masa kwandon shara.

"Ranar Lahadi na tambaye ka ko kanka na ciwo, ka ce a'a."

"Na ce, yallabai."

"Jiya ka yi atisaye da wannan kan?"

"Na yi."

Dok ya faɗi wata kalma da ba zan rubuta ba, ya ce min in yi haƙuri. Sannan ya ce, "Ba wasa, ba atisaye, ba waya, ba littafi, sai likita ya sallame ka. Kai za ka faɗa wa Koci ko ni?"

"Ni zan faɗa. Yallabai, takardar Farfesa fa?"

"Wace takarda?"

"Yana da jarrabawa gobe," na ce.

Dok ya kalle shi, ya kalle ni. "Wato ba don ciwon kan ka zo ba. Don jarrabawa ka zo." Ya girgiza kai ya jawo kujera. "Ko ma mene ne, gara da ka zo."

Ban shiga wurin Koci ba, a baranda na jira. Lucius bai daɗe ba ya fito. Na tambaye shi me Koci ya ce.

"Ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Bai ɗago daga bidiyon da yake kallo ba. Kafin in rufe ƙofa na ji ya ce a kira masa Marcel."

Ranar Asabar motar coci ta iso duk da haka, don an riga an zuba mai kuma an soya kifi. Likita ya hana Lucius shiga fili saboda ƙara da haske, don haka mutanen coci suka tafi kallo, Mama Ozella ta ce ita ba wasa ta zo gani ba. Lucius ya aiko Tavon tun da safe ya ce in zo. Na tsaya a ƙofar ɗakinsu na ɗan lokaci kafin in ƙwanƙwasa.

An ja labule, ɗakin duhu-duhu. Mama Ozella na zaune a kan gadon Tavon, doguwar tsohuwa, sanye da rigar nan mai lamba a baya, hular coci a kanta. Ta buɗe kwanuka a kan teburin karatu: soyayyar tarwaɗa, burodin masara, dafaffen ganye.

"Ke ce yarinyar? Zo nan in gan ki. Ubangiji, ba sa ba ku abinci a makarantar nan? Zauna."

Ta cika min faranti. Lucius na kwance da jiƙaƙƙen tawul a goshi.

"Na tura ka makaranta ka yi hankali," ta ce masa, da alama ci gaba take daga inda ta tsaya, "sai ka je ka zauna gaban na'urar mutane kana yin wawa da gangan. Wautar da Allah ya ba ka ba ta ishe ka ba?"

"Mama, kaina na ciwo."

"Ai gara ya yi. Da can ba ka san kana da shi ba." Ta juyo gare ni. "Ƙara kifi, 'yata."

Daga nesa ana jiyo filin. In ihu ya tashi sai Lucius ya ɗaga tawul ya saurara, ya ce wannan mu ne muka ci, ko ya ce wannan alƙalin wasa ake zagi. Wani ihu ya tashi mai tsawo, aka ji mai sanarwa ya ja wani suna. Ko ni na ji sunan. Lucius ya mayar da tawul ɗin ya rufe har ido. Mama Ozella ta miƙa hannu ta dafa ƙafarsa, ta ci gaba da ba ni labarin wata maraƙa da ta tsallake shinge ta shiga makabartar coci.

Marcel ya yi kyau a ranar, ya kuma yi kyau a Asabar ta gaba. Da likita ya sallami Lucius, sai ya tarar wurinsa ya zama na wani. Sauran kakar wasan a benci ya yi ta, sai in an yi nisa da ci a sa shi ya ɗan taka. An sake sa duk ƙungiyar a kwamfuta, wannan karon Dok na tsaye a bayan kowa, kuma manyan 'yan wasa sun yi makonni ba sa zama teburi ɗaya da Lucius a ɗakin cin abinci. Tavon ya yi kwana biyu yana fushi, a rana ta uku ya gaji da shiru.

Jarrabawar kuwa a ofishin Farfesa Abernathy ya rubuta ta, shi kaɗai, ta kashe masa fitilar sama ta bar ta tebur. Kansa bai gama dawowa daidai ba, ya ce tambayar ƙarshe sai da ya karanta ta sau uku. Da sakamako ya fito muka je ofishin Mis Verlene tare, don ita ake fara aika wa.

Ta sa tabarau ta duba kwamfuta, ta cire.

"C ne, da ɗan ɗoriya a kai," ta ce. "Da ƙyar ka sha."

"Sharaɗin C ne, Mis Verlene."

"Na san abin da na faɗa, ba sai ka tuna min ba." Ta danna wani abu. "Zango mai zuwa akwai kashi na biyu, kuma ɗakin gwaje-gwajensa ranar Talata da yamma ne, daidai lokacin atisaye. Sai ka je ka roƙi Koci da bakinka."

"Ba na jin zai lura ba na nan."

Mis Verlene ta kalle shi. Sannan ta ce min, "Lenora, za ki ci gaba da shi?"

Na ce zan ci gaba.

Da muka fito Tavon na jingine a ƙofar ɗakin bitarmu yana cin gyaɗa.

"Yaya? An dawo mana da shi ajin fim?"

"A'a," na ce.

"Kash. Na riga na ajiye masa kujera." Ya matsa ya ba mu hanya. Lucius ya zauna, kujerar ta yi ƙara, ya jawo littafin gabansa ya tambaye ni a wane babi aka tsaya.